Koyon Aski A Kan Maraya

Larabawa suna da wani karin magana mai ɗaci, ana jinsa a Masar, ana jinsa a Sudan. Idan suka ga mutum yana gwada aikin da bai ƙware ba a kan wanda ba shi da mai tsaya masa, sai su ce yana koyon aski a kan marayu. Ma'anar ba ta da wuyar ganewa. Sabon wanzami ba zai fara da kan ɗan sarki ba, gama ya san abin da zai biyo baya in aska ta zame. Sai ya nemi yaron da ko an yanke shi babu wanda zai zo ya tambayi dalili.

Ya ƙaunataccen mai karatu, ina so mu ɗauki wannan magana mu shiga da ita asibiti, har can cikin ɗakin tiyata. Duk likitan fiɗa da ka taɓa jin ana yabon hannunsa, akwai ranar da ya fara riƙe allura da zare, yatsunsa suna rawa. A ranar nan jikin wani ne yake kwance a gabansa. Wane ne wannan mutum? An gaya masa? Kuma daidai ne a koyi sana'a a jikin wanda ya zo neman lafiya, bai zo domin ya zama allon karatu ba? Tambayar ta shafe mu duka. Waɗansunmu suna da 'ya'ya a makarantar likita, sauranmu kuwa wata rana za mu kwanta a kan teburin nan, ko mu tsaya a bakin ƙofa muna jiran namu.

Bari mu duba tambayar a wani wuri mai nisa inda ake jin Hausa kamar yadda ake jinta a gida. Kudu da birnin Kartum akwai ƙasa shimfiɗaɗɗiya tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, ana ce da ita Jazira. Tun da daɗewa matafiya daga ƙasar Hausa suke bi ta nan a hanyarsu ta zuwa Makka, da yawa kuwa suka zauna. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Garin da suka kafa har yau Mai Wurno ake kiransa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai Hausawa suka bazu cikin ƙauyuka da sansanonin ma'aikatan gona waɗanda mutanen wurin suke kira kambo. Jikokinsu suna nan, suna noman auduga da dawa da gyaɗa da albasa.

Wannan ƙasa tana da cututtukanta. Hanyoyin ruwan da suke shayar da gonaki suna kiwon ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Wata irinta takan sa fitsarin jini, wata kuma takan bi ta hanji ta taurare hanta, saifa ta kumbura, har mutum ya kai ga aman jini. Akwai kuma wata cuta da za mu yi magana a kanta nan gaba, wadda ƙaya take shigar da ita cikin ƙafar manomi.

Babban birnin yankin shi ne Wad Madani. A can aka kafa Jami'ar Jazira a 1975, makarantar likitancinta kuma ta karɓi ɗalibanta na fari a 1978. An gina ta bisa wani ra'ayi mai kyau, wato ɗalibi ya fita ya zauna cikin ƙauyuka, ya san mutane da ruwan da suke sha, kada ya tsaya a aji kaɗai. Amma ko a ƙauye ko a asibitin koyarwa na birni, waɗanda ɗalibi zai taɓa da hannunsa yawancinsu manoma ne da matansu da 'ya'yansu. A cikinsu akwai Hausawa, akwai kuma tsofaffin da Larabcinsu ya isa ciniki a kasuwa, amma bai isa fahimtar maganar likita ba.

To, a ce wani saurayi ne daga ɗaya cikin ƙauyukan nan, ya yi shekaru yana karatu, yanzu lokaci ya yi da zai yi makonni a sashen tiyata. Me zai tarar?

Abu na fari da za a koya masa shi ne wanke hannu. Kada ka yi dariya, ɗan'uwa. Zai tsaya a bakin famfo yana cuɗa yatsu da farata har gwiwar hannu na mintoci, sa'an nan ya ɗaga hannuwansa sama, ya shiga ɗaki ba tare da ya taɓa ƙofa ba. Za a sa masa riga da safar hannu. In ya manta ya sosa hanci ko ya gyara takunkuminsa, babbar nas za ta kore shi ya koma ya fara daga farko, a gaban kowa. A ɗakin nan ɗalibi shi ne ƙarami duka, har mai share ƙasa ya fi shi sanin inda ya kamata a tsaya.

Sai a ba shi wata ƙugiyar ƙarfe, a ce ya riƙe bakin yankan a buɗe domin likita ya ga ciki. Zai riƙe ta sa'a ɗaya, sa'a biyu, bayansa yana ciwo, shi kansa ba ya ganin kome sai kafaɗar wani. Akwai zafi, akwai ƙaurin nama in ana ƙona ƙananan jijiyoyi domin tsai da jini. Ɗalibai da dama jiri yakan kama su a ranar farko, shi ya sa akan gargaɗe su tun da wuri cewa in ka ji ido yana duhu, ja da baya ka zauna a ƙasa, kada ka faɗi a kan mara lafiya. Da sassafe kuma zai bi bayan babban likitan fiɗa, wanda a Sudan akan kira Mista bisa al'adar da aka gada daga Ingila, suna zagaya gadaje, ana jefa masa tambayoyi a gaban marasa lafiya da masu jinya.

A hankali za a fara barinsa ya taɓa. Yau ya wanke gyambo, gobe ya cire zaren ɗinki, jibi ya nemi jijiya ya sa allurar ƙarin ruwa. Ya soka sau ɗaya bai samu ba, ya soka na biyu, tsohuwa tana cije leɓe. Har wata rana an gama aikin ƙaba, an ƙirga ƙyallayen goge jini da kayan aiki an ga sun cika, sai Mista ya miƙo masa allura ya ce, "Rufe fatar." A nan tambayarmu take tsaye.

Mu fara da abin da ba za mu iya gudu ba. Babu wata hanyar da mutum zai iya fiɗa sai ya yi fiɗa. Ɗalibai sukan koyi ƙulla zare a ƙafar kujera, su koyi ɗinki a ƙyalle ko fatar dabba ko jikin roba, kuma lalle ya kamata su yi haka har hannu ya saba kafin su kusanci mutum. Wanda bai yi wannan wahala ba, ya zo yana so ya fara a jikin ɗan Adam, ya yi laifi tun kafin ya taɓa kowa. Amma roba ba ta zub da jini, ba ta numfashi. Ko an yi shekara goma ana gwaji, dole wata rana a sami mutum na fari. A 2015 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba su da hanyar samun tiyata mai aminci wadda za su iya biya a lokacin da suke bukata. In muka ce kada ɗalibi ya taɓa kowa, to mun yanke hukunci a kan jikokinmu, gama gwanayen yau za su tsufa su mutu. Saboda haka ban ga laifi a koyon kansa ba.

Inda laifin yake shi ne a zaɓen kan da za a aske, da kuma ɓoye wa mai kan. Tarihin likitanci yana da shaida a kan wannan, ba kuwa mai daɗin ji ba.

A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wajen 1840 zuwa 1847, babban asibiti yana da sassa biyu na haihuwa. Matan da suke zuwa talakawa ne, ana karɓarsu kyauta, a madadin haka kuma ana koyar da ɗalibai a jikinsu. A sashe ɗaya ɗaliban likita suke koyo, a ɗayan kuma ungozomai. A sashen ɗaliban likita, wajen mace 10 cikin 100 suna mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa, a na ungozomai kuwa ba su kai 4 ba. Matan gari sun san da haka, har sukan yi roƙo kada a kai su sashen farko. Wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya gane dalili a 1847. Ɗalibai suna fitowa daga ɗakin binciken gawa, su zo su duba mata masu naƙuda da hannun da ba a tsarkake ba. Ya sa doka kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin, cikin 'yan watanni mace-mace suka sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Ɗaliban nan ba mugaye ba ne, ba su san abin da suke ɗauke da shi ba. Amma ka lura da waɗanda suka biya kuɗin rashin sanin. Matan masu arziki a gida suke haihuwa.

Na biyu ya fi muni, domin a nan an sani. A jihar Alabama ta Amurka, daga 1845 zuwa 1849, wani likita James Marion Sims ya yi ta gwada hanyar ɗinke yoyon fitsari, cutar da muka sani sarai a ƙasar Hausa. A jikin bayi mata baƙar fata ya yi gwajin, babu maganin kashe zafi, da iznin iyayengijinsu. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, an yi mata aiki wajen sau 30. Hanyar da ya gano ta taimaki mata da yawa daga baya, ba a musun wannan. Duk da haka a 2018 birnin New York ya ɗauke mutum-mutuminsa daga babban lambun shaƙatawa na birnin, domin lamirin mutane ya ƙi yarda cewa amfanin da aka samu ya wanke yadda aka same shi. Baiwa ba ta da ikon cewa a'a. Wannan shi ne kan maraya.

Daga irin waɗannan abubuwa, da kuma ta'asar da likitocin Jamus suka yi wa fursunoni a yaƙin duniya na biyu, aka fito da ƙa'idar Nuremberg a 1947, wadda ta sa yardar mutum a gaba da kome in za a yi gwaji a jikinsa. Yau a kowane asibiti akwai takardar yarda da ake sa hannu ko a dangwala yatsa kafin tiyata. Amma ɗan'uwa, dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ta ce ba, yarda ce?

Mu koma Jazira wurin sauraiyinmu, mu ga yadda abin yake a aikace.

Cutar da na ambata ɗazu, Sudaniyawa suna ce mata nabit, ko madura, daga sunan wani gari a Indiya inda likitoci suka fara bayyana ta. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da jikin ƙaya. Manomi ko makiyayi yana tafiya ba takalmi, ƙaya ta soke shi, ya cire ya manta. Bayan watanni sai wani ɗan ƙullutu ya fito, ba zafi. Rashin zafin nan shi ne masifar, gama wa zai bar gona ya biya kuɗin mota saboda abin da ba ya ciwo? Shekaru suna wucewa, ƙafa tana kumbura, ƙananan ramuka suna buɗewa suna fid da ruwa da waɗansu 'yan ƙwayoyi, sau da yawa baƙaƙe. A gida a yi sakiya, a ƙona, a ɗaura magani. Kafin a zo asibiti wani lokaci cutar ta riga ta ci ƙashi. Iri biyu ce. Wadda bakteriya take kawowa takan ji magani. Wadda irin fumfuna take kawowa, ita ce ta fi yawa a Sudan, sai an sha magani na watanni, a yi tiyata a yanke wurin, a ci gaba da magani, kuma duk da haka takan dawo. In ta yi nisa, sai yanke ƙafa. Jazira da Sinnar da Farin Nilu suna cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Saboda ita aka kafa cibiyar bincike a asibitin Soba na Jami'ar Kartum a 1991, ƙarƙashin likitan fiɗa Farfesa Ahmed Hassan Fahal, a 2016 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

A ce dattijo ne daga wani kambo, an kwantar da shi da irin wannan ƙafa. Mista ya yi bayani da Larabci, dattijo yana ta gyaɗa kai, amma kowa ya ga bai gane ba. Sai a tuna akwai ɗalibi mai jin Hausa. A kira shi. Nan take wanda ya fi kowa ƙanƙanta a ɗakin ya zama shi ne ƙofa ɗaya tak tsakanin mutumin nan da gaskiyar jikinsa. Abin da likita ya ce shi ne, za a yanke nama mai yawa, cutar tana iya dawowa, in kuwa ta dawo ta kama ƙashi, ƙafar ba za ta tsira ba.

Me ɗalibin zai faɗa? Dattijon ya yi kama da kakansa. A al'adarmu yaro ba ya kallon idon babba ya gaya masa mugun labari. Bakinsa zai so ya ce, "Baba, ɗan gyara ne kawai za a yi, ba kome." Babu wanda zai kama shi, domin ba mai jin Hausa a wurin sai su biyu. Zai ma ji kamar jinƙai ya yi. Amma a ganina ya ƙwace wa mutumin abin da yake nasa. Ƙafar ta dattijo ce, shi ne zai yi noma da ita ko ya rasa. Wataƙila yana so ya shawarci 'ya'yansa, ko ya sayar da akuya, ko ya shirya wanda zai kula da gona. Wanda aka ce masa ba kome ba zai shirya kome ba. Ana iya faɗin gaskiya da tawali'u, a zauna a bakin gado maimakon a tsaya a kai, a faɗa kaɗan kaɗan, a bar shi ya yi tambaya. Ladabi yana gyara yadda za a faɗa. Ba ya ba da izni a canja abin da za a faɗa.

Sa'an nan dattijon, da ya ji Hausa a bakin mai farar riga, ransa ya yi sanyi, sai ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, kai ne za ka yi mini aikin?" Wannan tambaya ta fi ta farko wuya, gama a nan ɗalibin yana da abin da zai samu ko ya rasa. In ya yi shiru ya bar shi yana zaton likita ne, ya ci amana. Amsar gaskiya ba ta da tsawo: "A'a Baba, ni ɗalibi ne, ina koyo. Babban likita ne zai yi. Ni zan taimaka masa, mai yiwuwa ni zan ɗinke fata a ƙarshe, yana tsaye a kaina. In ba ka so, ka faɗa, ba wanda zai yi fushi." Da wannan magana dattijon ya daina zama maraya. Ya zama mutumin da aka roƙi alfarma a wurinsa, ya bayar ko ya hana.

Na san abin da wani zai ce. In aka tambayi kowa, ai kowa zai ƙi. Ban gaskata haka ba. Talaka ya san koyo, shi ma a gonar ubansa ya koyi riƙe fartanya, ya sare shuka da yawa kafin ya iya. Abin da mutane suke ƙi shi ne raini. Wani kuma zai ce, yardar wanda ba shi da wani asibitin zuwa, ba shi da kuɗin likitan kansa, ai yarda ce ta dole. Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan yi kamar na warware ta ba. Hakika yardar talaka ba ta kai ta mai kuɗi 'yanci ba. Amma abin da wannan yake nunawa shi ne nauyin da ke kan malami da ɗalibi ya ƙaru. Da yake mutumin ba zai iya tashi ya tafi ba, sai su zama su ne masu tsaya masa.

Shi ya sa maganar "yana tsaye a kaina" ba ado ba ce. Bambancin koyo da ganganci shi ne kusancin hannun gwani. Ɗalibi yana ɗinki, malami yana kallon kowane ƙulli, yana iya cewa kwance wannan ka sake. Mara lafiya ya sami aikin gwani ke nan, ko da yake ta hannun almajiri ya bi, sai dai an ɗan ƙara mintoci. Amma malamin da ya cire safar hannu ya tafi shan shayi, ya bar yaro da abin da ya fi ƙarfinsa, alhakin yana wuyansa fiye da na yaron. Ɗalibin ma yana da nasa rabo. Kalmar da ta fi kowace wuyar fita daga bakin matashi mai ƙwazo ita ce "ban iya ba". Abokansa suna kallo, yana tsoro kada a ce masa rago, kada kuma a hana shi dama gobe. Girmankai a ɗakin tiyata jinin wani yake zubarwa.

Akwai lokacin da gwani ba ya nan sam. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023. Da fari Wad Madani ta zama mafaka, likitoci da marasa lafiya daga Kartum suka kwarara can. A Disamba 2023 dakarun RSF suka kama birnin, sai a Janairu 2025 sojojin gwamnati suka karɓe shi. A tsakanin nan asibitoci da yawa sun rufe, karatu ya watse, cibiyar Soba ma ta sha ɓarna. A wurare da dama matasa masu aikin sa kai, har da ɗaliban likita, su ne suka rage suna ɗaure raunuka. Wanda ya danne jijiya ya tsai da jini a irin wannan hali, ya ɗinke rauni domin babu wani, ba za mu auna shi da mudun lokacin salama ba. Barin mutum ya mutu domin ba ka da takardar shaida ba adalci ba ne. Amma ko a nan abu biyu ba su canja ba: ya gaya wa mutumin ko shi wane ne, ya kuma tsaya a inda saninsa ya tsaya. Larura tana buɗe ƙofa, amma ba ta mai da ɗalibi gwani.

Wani abu kuma yakan faru a hankali, ba tare da ɗalibi ya lura ba. A tiyata akan rufe jiki duka da ƙyalle, a bar wurin yanka kaɗai. Wannan yana hana ƙwayoyin cuta, yana kuma taimakon hannu ya tsaya, gama da wuya ka yanka kana kallon fuska. Amma bayan makonni sai harshe ya bi ƙyallen. A fara cewa "ƙafar gado na bakwai", ko "yau muna da ƙaba biyu da saifa ɗaya". Jikin da ke ƙarƙashin ƙyallen nan Allah ne ya yi shi, shi ne kuma ya yi na Mista da na ɗalibi, bai yi na manomi da kayan da suka fi araha ba. Ya ba ni sha'awa da na ga takardar dubawa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 domin ɗakunan tiyata. Cikin abin da ta bukata, kafin a sa wuƙa sai kowa ya dakata, a faɗi sunan mara lafiya da babbar murya, da aikin da za a yi masa da wurin da za a yi, kowa a ɗakin kuma ya faɗi sunansa da aikinsa. Da aka gwada ta a asibitoci 8 a ƙasashe dabam dabam, mace-mace bayan tiyata sun ragu daga 1.5 zuwa 0.8 cikin 100.

Yanzu kai da ni, mai karatu. Ranar da ka kai ɗanka asibitin koyarwa a Shika ko Kano ko Jos, ka ga matasa masu fararen riguna sun kewaye gado, kana da iko ka tambaya, wane ne wannan, wa zai yi aikin, wa zai tsaya a kansa. Tambaya ba rashin kunya ba ce. In maƙwabcin gadonku baƙo ne daga ƙauye, ba ya jin harshen da ake yi, ka tambaya dominsa.

Amma akwai ɗaya gefen, wanda ba ma son ji. Wanzami ba ya son jarfa. Yawancinmu in muna da wanda muka sani a asibiti, nan da nan mukan nemi a sa baki domin babban likita ya yi da kansa, kada ɗalibi ko ɗaya ya matso. Ba na hukunta uban da yake so a yi wa ɗansa mafi kyau. Sai dai ɗaliban da aka kora daga gadonmu ba gida suka koma ba. Sun matsa zuwa gado na gaba, wurin wanda bai san kowa ba. Gwanin da muke nema ɗin ma, a jikin iyayen waɗansu ya ƙware. In muna cin amfanin gonar, ya dace wani lokaci mu ma mu miƙa hannu mu ce, "Zo yarinya, nemi jijiyar, kada ki ji tsoro," musamman a ƙananan abubuwa da ba su da haɗari, kamar auna jini da duba ciki da cire zare.

Shi kuwa ɗalibinmu, aikinsa bai ƙare a ɗakin tiyata ba. Kashegari shi ne zai buɗe bandeji ya ga ɗinkinsa da hasken rana, ko ya zauna daidai ko ya karkace. Ranar sallama kuma akwai bayanin da in ba a yi shi da Hausa ba, kamar ba a yi ba. Maganin nabit ba a barinsa domin rauni ya warke, sai a ci gaba da sha har likita ya ce a daina, ko da ya kai shekara. In wani ƙullutu ya sāke fitowa, kome ƙanƙantarsa, a dawo tun bai yi zafi ba. A sa takalmi a gona, yara ma a sa musu. Da yawa daga masu wannan cuta ba sa dawowa, saboda nisa da tsadar magani, sai bayan shekaru in ƙafa ta lalace. Ɗalibin zai rubuta ranar dawowa a kati, ya kira babban ɗan dattijon gefe ya nuna masa, ya sa shi ya maimaita da bakinsa, sa'an nan ya wuce gado na gaba.